Mai Cire Ƙayar Kifi Ya Tafi da Abinsa

Na Allah muke, wurinsa za mu koma. Kowa ya san wannan, amma ba a jin nauyinsa sai ranar da aka fito da makara daga ƙofar gidanku. Daga tamu ƙofar aka fito da ita wata Laraba da hantsi, a Argungu, ɗauke da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida bayan rasuwar ubana.

Ni ba marubuci ba ne. Injin ban-ruwa nake gyarawa a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, kuma karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Zan zo kan wanda ya tsayar da shi. Amma an yi sadakar arba'in an watse, ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya a kan mutumin nan, alhali masu digiri sun cika danginmu har suna taka juna. Tunda sun bar wa mai baƙin mai a farce, to ga shi.

Mutane sun zo gaisuwa, ba laifi. Sun zo daga Gulma, daga Ambursa, daga ƙauyukan bakin gulbi waɗanda ko sunansu ban taɓa ji ba. Abin da na lura da shi, duk wanda ya zauna ya gama addu'a, sai hannunsa ya tafi wuyansa. Wani tsohon masunci har kama hannuna ya yi ya ɗora a maƙogwaronsa, kamar na tambaye shi.

"Nan, ɗana, daidai nan. Ƙayar kawara. Kwana biyu ko miyau ban haɗe ba, har nif fara wasiyya. Baffanka yac ce min, 'Wasiyyar mi, kai da ba ka da komi sai homar kamun kifi guda, ita ma ta yage?'"

Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka, aka ba shi ruwa.

Sista, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar Filato da ke haya kusa da gidan, ta zo da mijinta. Kiristoci ne, amma tun safe suke kan tabarma har aka kira azahar. Ta fi wasu 'yan uwa na jini kuka. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Baba bai sha magani ba, Baba bai ji maganata ba." A duk zaman makokin nan ita kaɗai ta faɗi gaskiya tun ranar farko. Wasu kuwa shinkafar sadaka ce ta kawo su, kuma ban ga laifinsu ba. Da Baffa yana nan, cewa zai yi a ƙara musu miya.

Amma kusan kowa, in ya zo tashi, sai ya sake riƙe hannuna ya rage murya: "Alhamdu lillahi tunda ka karɓa. Gida bai mutu ba." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Allah Ya ba da lada." Kwana bakwai ina wannan.

Ban karɓa ba. Gara in faɗa tun nan, kada mai karatu ya yi ta jira.

Ga wanda ba ɗan gari ba: gidanmu gidan Sarkawa ne, masunta tun kakanni, kuma abin da aka san mu da shi shi ne cire ƙayar kifi in ta maƙale a wuya. Kakan Baffa ya yi, ubansa ya yi, shi ya yi sama da shekara hamsin. Akwai kalmomin da ake karantawa a ruwa. Mutum ɗaya ake ba wa a kowane zamani, daga baki zuwa kunne, ba a rubutawa. Kuma ƙa'idar gidan ita ce mai abin ba ya kiranka ya ce zo in ba ka. Kai za ka zo da ƙafarka, ka cire hula, ka durƙusa, ka ce, "A ba ni." Baffa 'ya'ya mata Allah Ya ba shi, su biyar. Ni ne namijin da ya tashi a gabansa. Ko akuyar gidan ta san wanda ake jira.

Yadda yake aikin, ko yanzu na rufe ido ina gani. A kife turmi a zaure, mai ƙaya ya zauna a kai, idanu sun firfito, yana magana da hannu. Baffa ba ya sauri. Sai ya gama tauna goron da ke bakinsa. Sannan ya fara tambaya kamar alƙali: wane kifi, wa ya dafa, da wa aka ci.

"Kai ɗai? Karfasa guda, kai ɗai, bayan ɗaki? Ina ɗiyanka sunka tahi?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"To wagga ba ƙaya ta ba. Alhakin ɗiya na."

Mutum yana cikin azaba, ga dariya tana son kama shi. Daga nan Baffa ya buɗe masa baki ya leƙa, ya danna wuyan nan da can, ya sa shi ya tofar da miyau a ƙasa ya duba. Sai ya ɗebo ruwa ya kawo kusa da bakinsa, leɓɓansa na motsi ba sauti, ya tofa, ya ce a kurɓa sau uku, ya shafa wuyan daga sama zuwa ƙasa. Wasu nan take su yi tari ta fito. Wasu sai sun kwana su tashi su ji wayam. Wasu kuma ko ruwan ba ya ɗebowa. In ya ga jini a miyau, ko ya ji murya ta shaƙe, sai ya ce, "Wagga ta likita ta, ku tashi," kuma ba mai sa shi ya sake magana. Kada kowa ya tambaye ni yadda abin ke aiki. Ban sani ba. Abin da idona ya gani nake faɗa. Ba ya karɓar komai, sai dai wanda ya warke ya aiko da kifi daga baya.

Kifin da shi kansa tsoronsa yake ji. Wannan ba kowa ya sani ba sai mu na cikin gida. Tunda na buɗe ido nake ganin Inna, matarsa, tana zama gefensa tana tsince masa ƙaya ɗaya bayan ɗaya, tana ɗora tsokar a kan tuwon shinkafa, shi kuma ya naɗe hannu kamar ango. Gwaggo, yayarsa, wadda ta dawo gidan da zama bayan mijinta ya rasu, ba ta taɓa barinsa ya ci da daɗi ba.

"Mai maganin ƙaya, ga tarwaɗa nan, ita ba ta da wata ƙaya. Ko ita ma a tauna maka?"

"Ke dai ci naki. In ta maƙale min, wurin wa za ku kai ni? Wancan?" Ya nuna ni da haɓa, lokacin na fara koyon gyaran inji. "Wancan sifana za shi ɗauko."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Na san ba zancen sifana yake yi ba.

Yanzu zancen makaranta. Shekarar da ruwa ya ci gonakin fadama, Baffa ya kwanta da ciwon baya wata biyar, ko buta ba ya iya ɗagawa. Ba namiji a gidan sai ni. Ya kira ni ya ce in ajiye littafi sai baɗi. Baɗin ba ta zo ba har yau. Ina cikin na gaba a ajinmu. Wanda ke kwafar lissafi a wurina, yanzu direbansa ke kawo min janareto in gyara, shi yana cikin mota gilashi a rufe. Na riƙe wannan a raina shekara talatin, kuma ba zan yi ƙarya a kan mamaci in ce na sake shi duka ba. A lissafina, ya cire ni ne don in zauna gida in gaji tofi. Wataƙila ba haka ba ne. Wataƙila yunwa ce kawai ya gani tana tahowa. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa ba ni haƙuri ba. Mu a gidanmu ba a irin wannan hirar.

Da na koma Birnin Kebbi na fara zuwa wa'azi. Ba na ɗora wa malaman laifi. Ni ne na ɗauko abin rabi-rabi, kamar yadda na ɗauko karatun boko. Ranar sunan jikan Baffa na fari, zaure cike, Liman na zaune, wani ya tsokane ni ya ce, "Kai kuma yaushe za ka karɓi gadon gida?" Na buɗe baki na ce, "Ni ba ni gadon shirka."

Baffa ya sa hannu aljihu ya ciro goro, ya ɓare, ya miƙa wa Liman rabi.

"Malam, ka ji ko? Shekara arba'in ina bin ka salla sahun gaba, ashe mushiriki kaka ja." Sannan ya juyo gare ni. "Ɗana, ka san abin da nika karantawa?"

"Ban sani ba."

"To Allah shi ƙara ilimi. Kai na alƙalin hwarko da nig gani yana yanke hukunci bai ji ƙara ba."

Mutane suka kwashe da dariya. Maganar na iya haɗiyewa. Dariyar ce ban yafe ba. Shekara tara ban zauna a zauren nan ba. Da salla kawai nake zuwa, in gaishe shi a tsaye in shige wurin Inna. Sai ranar sadakar uku Liman ke gaya min cewa bayan wannan rana ya tsare Baffa su biyu, Baffa ya rantse masa ba komai a ciki sai sunayen Allah da roƙo. Liman ya ce ya roƙe shi ya kira ni ya yi min bayani, Baffa ya ce a'a, wanda ke son ji ya san hanyar zaure.

Cikin shekarun nan tara ne ƙaya ta kama maiɗakina. Busasshen kifi ne a miyar kuka. Na ce ba inda za ta. Na sayo burodi ta haɗiya, na sayo ayaba, na sa ta haɗiyi lomar tuwo ba tauna, na kai ta kemis aka ba ta wani ruwa mai ɗaci. Kwana biyu tana fama, tana kallona, ina kallon bango. Rana ta uku na dawo daga aiki na tarar ba ta nan. Dab da magariba sai ga ta ta shigo tana cin gyaɗa, ashe motar Argungu ta shiga.

"Baffa na gaishe ka," ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "Ya ce in gaya maka shirka ma tana gaishe ka. Ta ce ko kai ƙaya ta kama, ƙofa a buɗe take."

Na yi faɗa irin wanda mutum ke yi in ya san shi ne ba shi da gaskiya. Da safe ta ɗaure kayanta ta tafi gidansu, Ambursa. Kwana goma sha biyu girman kai ya hana ni zuwa biko. Ina dafa wa yara shinkafa, rana ɗaya ta caɓe, rana ɗaya ta ƙone. Ran sha uku da la'asar na ji babura biyu sun tsaya a ƙofa. Na leƙa, sai ga Baffa a bayan ɗan kabu-kabu, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, ga ta a bayan ɗayan. Daga baya surukina ya ba ni labari cewa tsohon nan tun hantsi ya iso daga Argungu, ya zauna cikin rana a ƙofar gidansu, aka kawo tabarma ya ƙi, aka kawo ruwa ya ƙi, ya ce ba ya shan ruwan gidan sai an ba shi ɗiyarsa.

Bai sauka daga babur ɗin ba.

"Ga ɗiyata nan. Ba don kai niz zo ba. Jikokina nika tausayi, da anka bari da girkinka."

Ya taɓa kafaɗar ɗan kabu-kabu suka juya. Ban ce na gode ba. Ina tsaye a ƙofar gidana, hulata a kaina, har suka sha kwana. In akwai ranar da ya kamata in bi shi in durƙusa, wannan ce.

Bayan haka dai muka koma magana, sama-sama.

Hawan jini Sista ce ta gano masa shi, wata rana da ya ce mata ƙeyarsa na yi masa nauyi. Na'urar awon nan tata ya raɗa mata suna mai tsegumi. In ya hango Sista ta taho da jakarta sai ya ce, "Ga mai tsegumi nan an kawo, ku ɓoye kilishi." Inna ta rage gishiri a miya, shi kuma ya ƙulle nasa a takarda cikin aljihun gaba, tare da goro. In ta juya baya ya barbaɗa. Ta sani, ya san ta sani, aka yi ta tafiya a haka.

'Ya'yansa mata suka riƙa aiko masa da ƙwayoyi na wata guda. Kafin sati ya zagayo sun ƙare. Sista ta yi ta mamaki, har ta fara tsoron ko ninkawa yake yi. Ashe a ƙofar masallaci yake raba su bayan la'asar. Duk tsohon da ya zo ya ce gwiwa, ko ciki, ko ido, sai Baffa ya ɓallo guda ya miƙa masa: "Sha wagga, tana sanyaya jiki." Asirin bai tonu ba sai ranar da Ladan, wanda shi jininsa ma ƙasa yake, ya sha biyu don ya ji daɗin ta farko. Yana tsakiyar kiran salla jiri ya kwashe shi, ya zauna daɓas, wani ya ƙarasa. Allah Ya tsare bai ji ciwo ba.

Sista ta shigo zauren ko sallama ba ta gama ba.

"Baba, wannan ba goro ba ne. Za ka kashe mutum."

"Ɗiyata, zauna ki sha ruwa. Yanzu baƙo shi iske ni ina jefa abu baki, in ƙi miƙa mai? Ba a yi min wagga tarbiyya ba."

Ta kai ƙara wurin Liman. Liman ya yi masa nasiha mai tsawo, cewa neman magani ba ya karya tawakkali, kuma jiki amana ne. Baffa ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya ce, "Awo, Malam, gaskiya ta." Sannan ya sa hannu aljihu ya ce, "Kai ma na ga idonka ya yi ja, ko in ba ka guda?" Daga ranar ya daina rabawa, wannan gaskiya ne. Amma shan ma sai ya ga dama. In Sista ta matsa masa sai ya ce wanda zai zo ɗaukarsa ba ya duba katin asibiti.

Salla kuwa ba a kai shi. Ban taɓa jin asuba ta wuce shi a jam'i ba sai lokacin ciwon bayan nan. In ya idar, addu'arsa ta fi sallar tsawo, don sai ya bi gida gida. Inna ta ce har Sista da mijinta suna ciki, har Ladan, har mutanen da ya cire wa ƙaya ya manta fuskarsu. Ta ce ni ne na ƙarshe kullum, kuma a kaina ya fi daɗewa. Ban san ko yabo ne wannan ba.

Shekarun ƙarshe nakan je Argungu duk bayan sati biyu ko uku. In na je, bayan la'asar sai ya sallami duk wanda ke zaure, ya ce yana da magana da ɗansa. Mu zauna mu biyu. Ba ya cewa komai. Ya cire carbi ya mayar, ya gyara zama, ya kalli ƙofa. Na san abin da yake jira, ya san na sani. Ni kuma sai in ɗauko zancen injin wane da ya ƙi tashi, ko ruwan bana da ya makara. Ya ce, "Haka na." Har a kira magariba mu tashi.

Ina ce wa kaina sai an gama girbi. Sai bayan salla. Sai na ƙara tambayar malamai. Duk ƙarya ce. So nake shi ya fara cewa, "Na cuce ka da na fid da kai makaranta." Kalma ɗaya nake jira, shi ma kalma ɗaya yake jira, kuma shi yana da ƙa'idar kakanni da ta hana shi farawa. Ni ba ni da komai sai taurin kai.

Ranar wata Asabar yana alwalar azahar buta ta suɓuce daga hannunsa. Aka kawo shi babban asibiti a Birnin Kebbi. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Idonsa dai na nan, yana gane kowa. Kwana uku ina gefen gadon. Ranar Talata da la'asar Inna ta fita alwala, 'ya'yan sun tafi neman abinci, ɗakin ya rage daga ni sai shi. Na cire hula na ajiye a ƙasa. Na durƙusa a kan simintin nan. Na ce, "Baffa, a ba ni."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗago hannun hagu, ya kama kunnena kamar yadda yake yi ina yaro, ya jawo shi bakinsa. Leɓɓansa suka fara motsi. Na riƙe numfashi. Ba abin da ke fitowa sai iska da ƙarar miyau. Ya yi ta yi, ya huta, ya ci gaba. Ina jin ya karanta min duka daga farko har ƙarshe, wataƙila ma sau biyu, don kada in manta. Ko harafi ɗaya ban kama ba.

Da ya sake ni sai ya tsare ni da ido, yana tambaya. Na gyaɗa masa kai. Rabin fuskarsa mai rai ya yi murmushi. Da asubar Laraba ya cika.

Abin da ban sani ba, Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Kafin a kai shi makwanci labari ya zaga: Allah Ya buɗe harshen Baffa na ɗan lokaci ya ba ɗansa gado. Ranar uku an ce har masu jinya na waje sun ji muryarsa. Ranar bakwai an ce tashi ya yi zaune. Ban ƙaryata kowa ba. Na farko kunya, na biyu Inna. Tana cikin takaba, ba ta ci, ba ta magana, amma duk safiya in na shiga gaishe ta sai ta ce, "Ni yanzu hankalina ya kwanta. Abin da yaka kwana da shi yana tashi da shi, ya sauke." Wannan kaɗai ya rage mata na riƙewa. Ta ina zan fara?

Kwana na tara da hantsi ina ɗaure jakata zan koma bakin aiki, sai ga wani mutum daga Gulma da matarsa a babur. Da goyo a bayanta, hannunta a wuya. Ya yi gaisuwar rasuwa, sannan ya ce sun ji an bar wa ɗa, shi ya sa ba su wuce ko'ina ba. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta kife turmi. Maƙwabta suka fara leƙowa. Inna ta taso daga ɗaki, abin da ba ta yi ba tun rasuwar, ta tsaya daga bayan ƙofar zaure ta miƙo min ruwa a ƙoƙo.

Na karɓa. Na leƙa bakin matar kamar yadda na ga ana yi. Ba jini, muryarta ba ta shaƙe ba. Hanya biyu na gani a gabana. In motsa baki in tofa, tunda Baffa ma ba a taɓa jin sautinsa ba, wataƙila ƙayar ta faɗa da kanta a ce na iya. Ko in ce wannan ta likita ce, su tafi, asirina a rufe. To gobe fa? Wani zai zo daga inda ya fi Gulma nisa, ya ɓata wuni a hanya saboda ni, kuma wata rana wanda zai zo ba zai da wunin ɓatawa ba. Matar tana kallona kamar yadda maiɗakina ta kalle ni kwana biyu.

Na juya wajen ƙofa.

"Inna, ran nan asibiti ban ji komi ba. Iska kawai nij ji."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ƙarya kaka yi. Da idona nig gani."

"Kin gani, Gwaggo, ba ki ji ba. Ni ma hakanan."

Na ajiye ƙoƙon ruwan ƙasa. Ina jiran Inna ta faɗi, ko ta yi kuka, ko ta tsine min, kuma duk wanda ta yi ta yi daidai. Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa take.

"Shi ya san ba ka ji ba?"

"A'a. Na ɗaga mai kai."

"To madalla. Wannan guda ka yi daidai."

Ta gyara lulluɓinta. Ta ce wa mutumin Gulma ya yi haƙuri, mai yi ya rasu. Sannan ta ce da ni, "Tashi ka kai su asibiti. Ran Juma'a kuma ka miƙe masallaci ka hwaɗa ma mutane da bakinka, kada wani shi kwaso ƙahwa daga nesa don mu." Ta koma ɗaki ta saki labule.

Na kai su. Likita ya sa fitila da ɗan ƙarfe ya zaro ƙayar, ba ta kai tsawon farce ba. Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a gaban mutanen da suka yi sati suna riƙe min hannu, na faɗa. Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da ya fi min sauƙi. Gwaggo har yau in na gaishe ta da kai take amsawa. Inna kuwa tana amsawa, tana tambayar yara, amma ba ta ƙara cewa hankalinta ya kwanta ba.

Don haka wanda ya karanta wannan ya gaya wa wanda bai iya karatu ba, a Gulma da Ambursa da duk bakin gulbi: in ƙaya ta kama ka, kada ka biyo ta zaurenmu. Wuce asibiti. Abin da mutum uku suka riƙe suka miƙa wa juna, a kaina ya tsaya, kuma ba laifin wanda ya tafi ba ne. Ya jira iyakar jira.

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa duk wuyan da ya shafa ya yi masa shaida ranar da baki ba ya magana. Ka yafe masa gishirin aljihu da ƙwayoyin Ladan. Ka ba Inna haƙurin da ya fi wanda take da shi. Ni kuma roƙona ɗaya ne: in waɗanda suka riga mu suna samun labarin gida daga masu zuwa, kada Ka sa wani ya riga ni gaya masa. Ina son ya ji daga bakina.